Wa Ya Faɗa? Waiwaye Daga Bakin Iyakar Jibiya

Mutumin bakin iyaka ya saba riƙe komai bibbiyu. Ɗan Gangara ko ɗan Magama, ko duk mai cin kasuwar Jibiya, idan ya zazzage aljihunsa ba mamaki ka ga naira da sefa a cakuɗe. Kawunsa na Katsina, gwaggonsa na Ɗan Isa ko Madarumfa, ƙanwarsa kuma tana aure a Maraɗi. Abin da asali: sarakunan Katsina da jihadi ya tayar a farkon ƙarni na 19 su suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Da Ingila da Faransa suka zo suka ja layinsu, sun raba haraji da tuta da harshen makaranta, amma agogo da kunne sun gagare su. Ƙarfe takwas da rabi na dare a Jibiya shi ne ƙarfe takwas da rabi a Maraɗi, kuma a zamanin iyayenmu abu ɗaya magidantan garuruwan biyu suke yi a wannan lokaci, wato kewaye rediyo.

Wanda bai kai shekara 30 ba da wuya ya gane matsayin akwatin nan. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ran 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, ɗan ƙasar Katsina. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Faransa kuwa, duk da ita ta mulki Nijar, sai a 2007 RFI ta buɗe sashen Hausa. A gida akwai Rediyon Kaduna da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, ga Muryar Sahel daga Yamai. Yawanci a gajeren zango ake laluben su. Mai rediyo ya zauna a tabarma ya ɗora ta a cinya, yana murza maɓalli a hankali kamar mai tsoron kada ya tashi wani daga barci, yana karkata eriya gabas da arewa har shuuu ɗin ya lafa murya ta fito. In batir ya yi sanyi, da safe a jera shi a rana a kan katanga don a ƙara tatsar kwana ɗaya ko biyu.

Abin da na fi tunawa da shi shi ne yadda gardama take ƙarewa a teburin mai shayi. Wani ya kawo labari, a ce masa, "Wa ya faɗa?" In ya ce wani direba ne, a ci gaba da musu. In ya ce BBC ce, sai a koma wata hirar. Ba don gidan ba ya kuskure ba. Dalili shi ne labarin yana da ubangida: akwai gida mai suna, akwai mai karantawa da aka san muryarsa, akwai adireshin da za ka aika takarda ka ce ba ku kyauta ba, ka zauna jiran a karanta ta a Amsoshin Takardunku. Mutumin iyaka ya ma fi na cikin ƙasa gata, domin yana da inda zai gwada. Kaduna ta faɗi abin da gwamnatin Najeriya take so a ji, Yamai ta faɗi na tata gwamnatin, Landan ta kawo na uku. Lokacin da sojoji suka kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974, ko da aka kashe Murtala a Fabrairun 1976, duk wanda tashar ƙasarsa ta koma kiɗan soja sai ya murza ya nemi ta maƙwabta. Dattawan nan ba su shiga aji an koya musu tantance labari ba, amma kullum dare suna yin sa.

A wancan lokaci kowane abu yana da gidansa da lokacinsa da mai riƙe da shi. Jarida, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana isowa bayan labarin ya kwana biyu, malamin firamare ko akawu ya karanta wa jama'a. Wasiƙa tana hannun direban motar Katsina zuwa Maraɗi. Gaisuwa ga masoyi sai ta katin Zaɓi Sonka. Waƙar Shata da ta Ɗanƙwairo da wa'azin malamai suna cikin kaset. Fim kuwa, bayan 'yan wasan Kano sun fito da Turmin Danya a 1990, ya zauna a gidan kallo mai janareta da benci. Kuɗi suna cikin lalita. In ɗaya ya lalace, sauran suna nan.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta fara da birane da masu hali. A garuruwa irin namu an fara ganin ta ne a ƙarƙashin lema, yaro da teburi da waya ɗaya, ka biya kuɗin minti ka yi magana kana kallon agogo. Abin da ya sauya rayuwar bakin iyaka da gaske shi ne ƙananan wayoyin China masu layi biyu da tocila da rediyon FM a ciki. Kamfanin da ya ƙera Tecno da itel ya yi layi biyun ne don mai gudun tsadar kira daga wannan kamfani zuwa wancan. A Gangara sai abin ya sami wata ma'ana: layi ɗaya na 234, ɗaya na 227. MTN ko Glo a wannan rami, Moov ko Airtel ta Nijar ko Orange, wadda ta koma Zamani, a wancan. Kiran ɗan'uwa da ke ƙauyen da kake hango bishiyoyinsa, in ka yi da layin Najeriya, kiran ƙasar waje ne da kuɗinsa. Sai ka danna ɗaya layin ka zama ɗan Nijar na minti biyar.

Daga nan gidajen nan da na lissafa suka fara rushewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa cikin waya. Wanda ya fara kwashe kayansu shi ne mai turi. Duk kasuwar ƙauye akwai shi: rumfa, tsohuwar kwamfuta da fankarta ke kuka, lasifika a bakin ƙofa, igiyoyin caji sun harɗe a kan allo. Ka miƙa masa memori, ya tambaye ka, "Me za a zuba?" Ya zuba fim ɗin Kano, ya zuba Indiya-Hausa, ya ƙara da tafsirin azumin bara da waƙoƙin biki da littafin soyayya da wata ta karanta da murya. Ɗan abin da bai kai farce ba ya haɗiye shagon kaset da gidan kallo gaba ɗaya. Yaran kuma suka koyi tura wa juna ta Bluetooth da Xender ba tare da ko sisi ba. 'Yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai a Kano, waɗanda da su ne ke yanke wa furodusa farashi, suka wayi gari faifai ba ya tafiya. Masu fim suka bi mai kallo zuwa inda ya koma. Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Labarina, a 2020 kuma Izzar So ta nuna cewa ana iya tara jama'a a YouTube ba tare da gidan talabijin ba.

Gidajen labarai ma haka suka yi. Mai gabatar da shiri da muka shekara muna zana fuskarsa a zuci, yau ga shi a Facebook da hularsa, an kafa masa kyamara a ɗakin watsa shiri. BBC Hausa tana rubutu kamar jarida, tana bidiyo kamar talabijin. Jaridar Aminiya tana shirin murya. Freedom Rediyo ta Kano, wadda da sai kana kusa za ka kama ta, ɗan ci-rani a Agadas ko Libiya yana jin ta kai tsaye. Ba a ƙara gane inda jarida ta tsaya rediyo ya fara.

Amma in aka tambaye ni babban abin da ya faru, ba zan ce Facebook ba. Saƙon murya na WhatsApp zan ce. Rubutu ya daɗe yana tsaye a ƙofa yana hana mutane shiga: wannan gefe boko da Turanci, wancan gefe lakwal da Faransanci, mafi yawan jama'a kuma ba su yi nisa a ko ɗaya ba. Saƙon murya bai tambayi kowa takarda ba. Tsohuwa a Gangara ta danna ta riƙe, ta yi sallama, ta gaida 'yarta da ke Maraɗi da mijinta da yara ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi ranar suna, ta saki. Dillalin wake ya ji farashin Dawanau kafin ya ɗaure buhu. Ɗan canji ya san yadda sefa ta kwana kafin ya fito. Hausa, wadda makarantun ƙasashen biyu suka mayar baya, ta dawo ta zama harshen na'ura ba tare da wata hukuma ta zauna a kanta ba.

Ba mu san yawan abin da muka tara a wuri ɗaya ba sai a 2021. Tun kafin nan yankin yana cikin matsi. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020 ba a sa Jibiya ba, sai a Afrilun 2022. Ga 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka. A Satumbar 2021, bayan Zamfara ta fara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara. An rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, an dakatar da kasuwannin dabbobi, an kuma hana sana'ar cajin waya. Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Kowa ya san da waya ake cinikin kuɗin fansa, da ita kuma infoma yake sanar da na daji wanda ya sayar da sa yau da hanyar da sojoji suka bi.

Sai dai da aka kashe sabis, ba kira kaɗai ya mutu ba. Wasiƙa ta mutu, jarida ta mutu, banki ya mutu, domin mai POS ba ya aiki sai da sabis. Ɗan da ke Legas ko Fatakwal yana aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane ya rasa hanya. Mai caji, wanda da kuɗin wayoyi 40 ko 50 da ke jere a allonsa yake ci da iyali, ya naɗe igiyoyinsa. Aka yi rasuwa aka binne, dangin nesa ba su ji ba sai bayan sadakar uku. Mutane suka koma rubuta takarda suna ba direba, wasu suka riƙa shiga mota har Katsina don kira ɗaya. Abin da ya fi ciwo, ƙauyen da aka shigo wa da dare ba shi da yadda zai kira agaji ko ya gargaɗi maƙwabta. Duk ƙwan an zuba su a kwando ɗaya, kuma hannun kwandon ba a wurinmu yake ba.

A nan ne tsohuwar ɗabi'ar riƙe komai bibbiyu ta yi rana. Sandunan sabis na Nijar ba su san da umarnin Katsina ba. Mai layin 227 ya nemi tudu, ko ya matsa arewa kaɗan, ya ɗaga waya sama har sanda ɗaya ta fito, ya kira ɗan'uwansa da ke Kano ta hanyar wata ƙasa. Ba sai an faɗa ba, dabarar da talaka ya gano, na daji ma bai jahilce ta ba, ga shi da babur da kuɗin sayen kati. Da aka fara mayar da sabis a Disambar wannan shekara, har cikin masu goyon bayan matakin akwai waɗanda suka yarda cewa mai gaskiya ya fi ɓarawo shan wuyarsa.

An sake ɗanɗana irin wannan a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Takardar naira ta ɓace, aka ce kowa ya koma tiransifa. Mai tumatir da mai nama suka buɗe asusu a waya, kasuwa ta cika da "alat bai shigo ba" da "bari sabis ya dawo". A garuruwan iyaka da dama sefa ce ta riƙe ciniki a makonnin nan.

Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Janar Abdurahman Tchiani ya kifar da Mohamed Bazoum. ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar, manyan motoci suka yi layi a Jibiya kaya na lalacewa, aka fara maganar yaƙi. Ga mutanen Abuja wannan siyasar ƙasashen waje ce. Ga mutumin Gangara tambayar ita ce ko za a harba wa gidan gwaggonsa bindiga ta saman gonarsa. Sojojin Yamai sun dakatar da RFI da France 24 a farkon Agusta. Amma kowa ya ga hoton Khalifa Muhammadu Sanusi II tare da Tchiani, ya ga tawagar malamai da Sheikh Abdullahi Bala Lau ya jagoranta zuwa Yamai, duk a waya, kafin a karanta a labaran dare. Iyakar ba ta buɗe ba sai a Maris 2024. Tsawon watannin nan buhun masara yana buƙatar ɓarauniyar hanya kafin ya tsallaka, bidiyo kuwa ko tsayawa a shinge bai yi ba.

Masu mulki sun gane wannan sarai. A Disambar 2024 Nijar ta dakatar da BBC na wata uku. A cikin watan, ranar Kirsimeti, Tchiani ya zauna a gaban talabijin ɗin ƙasarsa ya yi doguwar hira da Hausa, yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa. Ya san da wa yake magana. Kafin gari ya waye an yayyanka hirar gunduwa-gunduwa, tana yawo a wayoyin Katsina da Kano da Sakkwato. Mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, bai tsaya ga takardar sanarwa da Turanci ba, sai ya je BBC Hausa ya mayar da martani da harshen da aka yi zargin. Gwamnatoci biyu suka yi sa-in-sa da Hausa, alƙalan kuwa suna zaune a rumfar mai shayi. A Maris 2025 kuma Muryar Amurka, wadda aka shekara fiye da 40 ana ji, ta yi shiru saboda wata takarda da Donald Trump ya sa wa hannu.

To, yau in ka tambayi mai labari wa ya faɗa, amsar da za ka fi ji ita ce, "An turo mini." Wa ya turo? Wani a guruf. Shi a ina ya samu? Shi ma turo masa aka yi. Murya ce ta wani da ba a sani ba, ya yi sallama da salati, ya rantse, ya ce don Allah duk wanda ya ji ya tura gaba. Wani lokaci gaskiya ce, ta kuma ceci rai: an ga babura sun nufo wajen kaza, mata da yara su fita. Wani lokaci bidiyon wata ƙasa ne na shekara biyar baya aka liƙa masa sunan ƙauyenku, mutane su kwana a daji a banza. Wahalar ita ce su biyun kamarsu ɗaya, ta ƙofa ɗaya suke shigowa, a waya ɗaya, tsakanin karatun Alƙur'ani da hoton jaririn ƙanwarka. Labarin da edita ya tantance da wanda wani ya ƙirƙira a ɗakinsa girmansu ɗaya a fuskar waya. Har 'yan bindiga sun sami nasu filin, suna fitowa a TikTok da damman kuɗi, ɗaya daga cikinsu, Bello Turji, yana sakin bidiyo yana ba gwamnati sharaɗi. A 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Gidan da yake da adireshi shi aka iya kamawa.

Ba na cikin masu cewa a koma jiya. Jiyan nan mata ba su da murya a cikinta sai ta katin gaisuwa, ƙauye kuma ba ya shiga labarai sai in annoba ta faɗa masa. Yau yaron Jibiya da waya a hannu yana ɗaukar gadar da ta karye ko layin motoci a Magama, kafin la'asar wakilin babban gidan rediyo ya kira shi yana neman ƙarin bayani. Aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Jibiya, mutane a bidiyon irin waɗannan yara suke ganin inda ya kai. Shi kansa bikin fara aikin a Fabrairun 2021, daga Abuja Buhari ya halarce shi ta allo.

Abin da ya ɓace shi ne wanda za a riƙe. A nan ina ganin Nijar ta riga mu wani abu. Tun wajen shekarar 2000 take barin ƙauyuka da ƙananan garuruwa su kafa rediyon al'umma, ga tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Saraounia a Maraɗi. Najeriya sai a 2015 ta ba da lasisin farko na irin wannan rediyo, su ma 'yan kaɗan. Ƙaramar hukuma kamar Jibiya, mai iyaka da kasuwa da dam da daji, ta cancanci tasha tata: mai magana ɗan gari ne, an san gidan ubansa, in ya yi ƙarya da safe za a tare shi a masallaci da azahar. Ya ɗauki saƙon da ke yawo a guruf, ya kira mai unguwar ƙauyen da aka ambata, ya dawo ya ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne. Shirin ya fita ta FM, ya fita ta Facebook, a yanka shi a tura ta WhatsApp, duk ɗaya ne. Ƙananan wayoyin nan masu tocila har yanzu da FM a cikinsu, kuma FM ɗin ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis, ko an sake kashe sandunan yana kamawa.